Gilashin da Ya Fara Narkewa

Sau uku Nas tana ɗaga guduma, sau uku tana sauke ta a hankali kamar mai gudun tada jariri. Kwanon gilashin nan mai ƙafa yana zaune a kan tawul a tsakiyar kicin, hasken safiya na wasa a zanen jikinsa, ita kuwa tana tsaye a kansa da farin kayan aikinta, zufa na bin bayan kunnenta.

"Wai me kike yi a ciki kika kulle ƙofa?" in ji mijinta daga waje.

"Ƙusa nake bugawa."

"Ban ji ƙarar komai ba."

"Ai ban fara ba. Je ka yi wankanka."

A faɗi gaskiya, Nas ba nas ba ce. A tagar ba da magani take aiki a asibitin unguwa, ta zuba ƙwayoyi a 'yar leda, ta zana ɗigo uku a jiki, ta miƙa. Amma tun ranar da ta fara sa farin kaya 'yan gidansu suka laƙaba mata sunan, ita kuma ba ta taɓa musawa ba. Su uku Inna ta haifa, duk mata: Yaya mai shagon ɗinki, sai Nas, sai Auta, wadda ta haura arba'in amma har yau in ta yi fushi sai ta buga ƙafa a ƙasa.

Wata bakwai ke nan ba sa ga-maciji da juna. Lokacin da ciwon gwiwa ya sa Inna ta koma wani ɗan ƙaramin gida kusa da asibiti, kabad ɗinta ya ƙi shiga ta ƙofa. Sai ta ce bari ta raba musu kayan ciki tun tana raye, don kada su yi faɗa bayan ranta. Ai kuwa suka yi mata shi a gaban idonta. Abubuwa uku ne a saman kabad ɗin, waɗanda marigayi Baba ya zo da su daga wata tafiya, Inna kuma ta shekara arba'in tana goge su tana cewa kiristal ne, kada wanda ya yi numfashi kusa da su: jog mai dogon wuya, kwano mai ƙafa, da mazubin furanni. Yaya ta samu jog, ta ce an ba ta shi ne don ya fi saurin fashewa. Auta ta samu mazubin furanni, ta ce an raina ta, a ina ta ga furen. Nas ta samu kwano, ta yi kuskure ta yi murmushi. Murmushin nan shi ya jawo komai.

Inna ta yi lallashi, ta yi zagi, ta yi kukan ƙarya, har na gaske ta yi. Ranar Litinin sai ta ajiye maganin hawan jininta a kan kujerar tsuguno, ta kife shi da kofin roba, ta buga wa kowacce waya da magana iri ɗaya:

"Ku kai kayan nan a narkar da su, a yi min abu guda da su kowa ta huta. Ranar da kuka kawo min shi ku uku, ranar zan sha magani."

Yau kwana huɗu. Jiya da Nas ta auna ta, lambar da ta gani ta sa ta kwance abin awon, ta girgiza shi, ta sake ɗaurawa.

"Girgiza shi da kyau," in ji Inna. "In kin gama ki je ki girgiza 'yan'uwanki."

Shi ne Nas ta nemo wani mai sana'ar gilashi da ke da tanderu, aka sa lokaci ta bakin mazajensu, tunda su ba sa magana. Mutumin ya ce kowacce ta fasa nata tun daga gida, don mazubinsa ba zai ɗauki manyan kaya ba.

To ga guduma, ga kwano, hannu ya ƙi. Tana cikin haka idonta ya sauka a kan taga, inda wani kofi mai kauri, mara zane, mara fasali, yake zaune da soson wanke-wanke a cikinsa. Kofin da Inna ta shekara ashirin tana jiƙa haƙoranta na roba a ciki ne. A kwalin tarkace ya biyo Nas ranar ƙaura, ba wadda ta ko kalle shi. Nas ta dubi kofi, ta dubi kwano. Gilashi dai gilashi ne, in ya fashe wa zai tambaye shi sunan ubansa?

Ta nannaɗe kofin a tawul ta sauke masa guduma. Sai da ya yi wata ƙara mai zaƙi, siririya, ta daɗe tana yawo a kicin kafin ta mutu. Kwanon kuwa ta saka shi a babbar tukunyar da ba a ɗorawa sai an yi baƙi, ta rufe, ta ɗora wata tukunyar a kai.

"Ƙusar ta shiga?" in ji mijinta, da ta fito da leda tana ƙaras-ƙaras.

"Ta shiga har ta wuce."

Shagon mai gilashin yana bayan layin makanikai, dogon ɗaki ne, gilasan taga jingine a bango jere-jere, ƙasa kuwa duk inda ka taka sai ta yi ƙara. A kan kanta an jera farantai da tirori da ya yi da tsofaffin kwalabe, ƙura ta lulluɓe su. A can ƙurya tanderun yake, kamar ƙaramin firij da ya yi ƙiba, da 'yar kafa ta leƙe a ƙofarsa da jajayen lambobi a gefe. Shi kansa Mai Gilashi gajere ne, wuta ta cinye masa gira tun da daɗewa, don haka ba ka gane ko mamaki yake yi ko ko-in-kula.

Benci ɗaya ne a shagon. Yaya ta riga ta zauna a wannan ƙarshen, Auta a wancan, kowacce ta dasa jakarta a gefe kamar katanga. Nas ta zauna a tsakiya ta rungume ledarta. Ba wadda ta gaida wata. Sai dai duk sun gaida Mai Gilashi da ƙarfi, har da tambayar iyali, don kowacce ta nuna ba rashin tarbiyya ne ya hana ta gaisuwa ba.

Ya karɓi ledoji uku, ya buɗe ta farko zai sa hannu.

"Malam, zuba kawai, sauri muke yi," in ji Nas.

"E, zuba kawai," in ji Auta, da wani irin hanzari, tana kallon rufi.

"To duk iri ɗaya ne?"

"Kiristal ne," in ji Yaya, ta gyara zama. "Mahaifinmu ba ya sayen tarkace."

"Madalla. Dalilin tambayata, kowane gilashi da wutar da yake ji. Kiristal akwai dalma a cikinsa, shi ya sa yake da nauyi, kuma rago ne a gaban wuta. Digiri ɗari shida ya fara laushi, kafin ɗari bakwai ya kwanta. Gilashin kwalba da na taga sai an doshi ɗari takwas. Akwai kuma na obin ɗin gashi da irin na ɗakin gwaje-gwajen asibiti, wannan don taurin kai aka yi shi. Tanderuna zai gaji shi bai gaji ba." Ya juye ledojin a wani mazubi na yumɓu mai faɗi, tuli uku a jere: na Yaya a hagu, na Nas a tsakiya, na Auta a dama. "Tunda duk kiristal ne, zan tsaya a ɗari shida da tamanin. Mu gama da wuri."

Nas ta matso bakin benci.

"Malam, a ce misali, misali fa nake cewa, wani ba kiristal ba ne?"

"Sai ya zauna yana kallonmu, baiwar Allah."

Ya tura mazubin ciki, ya rufe ƙofa, ya danna maɓalli. Jajayen lambobi suka fara hawa.

A ɗari biyu Yaya ta ce, "Malam, don Allah ka gaya wa wasu su janye jakarsu daga kan zanena."

A ɗari uku Auta ta ce, "Malam, ka gaya wa wasu benci ba gadon gidansu ba ne."

Mai Gilashi ya ci gaba da yankan gilashin taga, bai isar da saƙo ko ɗaya ba.

A ɗari huɗu wayar Nas ta yi ƙara. Maƙwabciyar Inna ce, ta ce tsohuwa ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, ta ce kanta na sarawa, an miƙa mata magani ta ce a mayar da shi ƙarƙashin kofinsa. Nas ta maimaita maganar da ƙarfi tana kallon bango, don bangon ya gaya wa sauran. Yaya ta daina kaɗa ƙafa. Auta ta fara cizon farce.

A ɗari biyar Nas ta fara shawara da zuciyarta. Ta yi tunanin ta suma, sai ta tuna ƙasan duk ɓaraguzan gilashi ne. Ta bi wayar tanderun da ido har zuwa soket, ta auna tazarar da ke tsakaninsa da ƙafarta, ta ga sai ta tsallake Auta. Daga nan ta koma addu'ar Allah ya sa a ɗauke wuta. Unguwar da ba a taɓa yin awa uku cur da wuta ba, ranar sai ga ta ta zauna daram kamar an biya ta.

Tana ta shirya kalmomin da za ta kare kanta da su lokacin da lamba ta kai ɗari shida da hamsin. Mai Gilashi ya sa baƙin tabarau, ya zare toshiyar kafar, ya leƙa. Ya daɗe. Ya ce, "Uhm."

"Uhm na me?" in ji Yaya.

Ya miƙa mata tabaran. Yaya ta tattare zane, ta duƙa, ta kanne ido ɗaya. Nas ta rufe nata duka biyun.

"Na tsakiya ya narke," in ji Yaya, muryarta kamar ba tata ba.

"Na gefe fa?" in ji Auta.

"Suna nan."

Nas ta fizge tabaran ta leƙa. Cikin jan hasken nan, ga tulinta ya kwanta luf, sumul, yana sheƙi kamar zuma a faranti. Na hagu da na dama kuwa ko gezau, bakinsu da kaifinsa kamar yanzu aka zuba su.

"Wannan na tsakiya," in ji Mai Gilashi, "kiristal ne na asali, irin na da. Rabon da in ga irinsa na manta. Da lafiyarsa kika kawo min shi, wallahi da na hana ki fasawa."

Abu uku suka zo wa Nas a jere. Na farko, ta tsira. Na biyu, ta tuna ƙarar nan mai zaƙi ta safe, ta tuna shekara nawa soson wanke-wanke da haƙoran roba suka yi suna kwana a cikin dukiya, sai ta ji kamar ita aka sauke wa gudumar. Na uku kuwa daɗi ne, kuma shi ya ci nasara. Ta koma benci, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ta kakkaɓe farin kayanta.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji ta. "Malam, kai shaida ne ban ce komai ba. Abin da aka ce in kawo, shi na kawo. Uwa ɗaya gare ni."

"Ƙara wuta," in ji Yaya. "Nawa mai kauri ne, shi ya sa."

Ya ƙara. Ɗari bakwai, shiru. Ɗari bakwai da hamsin, bakin na Yaya ya fara dakushewa. Sai da aka taɓa ɗari takwas sannan ya sunkuya ya kwanta, a makare, kamar wanda aka tasa daga barci.

"Kwalba," in ji Mai Gilashi, ba tare da ya ɗago ba.

Saura na Auta. Ɗari takwas da ashirin. Ɗari takwas da hamsin. Shagon ya ɗau zafi har makanikin da ke maƙwabtaka ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Tulin Auta yana nan tsaye ƙyam, sai ɗan sheƙi da ya ƙara, kamar wanda zafin ya yi wa daɗi.

"Baiwar Allah," in ji Mai Gilashi, "in na wuce nan tanderuna ne zai narke. Me kike dafawa da wannan kiristal ɗin?"

Auta ta miƙe ta buga ƙafa, ɓaraguzai suka yi tsalle.

"Murfin tukunyar obin ne! To, sai me? Na sa wa mazubina fure! Na roba ne, amma fure ne, kuma ya yi kyau a kan talabijin, duk wanda ya shigo sai ya yaba. Ni kaɗai ce? Ga babbarmu nan ta kwaso mana kwalaben lemo!"

"Kai, jama'a," in ji Nas, tana girgiza kai a hankali. "Tsohuwa na can kai ɗaure."

Ta jira Yaya ta yi borin kunya. Amma Yaya ba ta yi ba. Ta buɗe jaka, ta fito da wani abu a nannaɗe cikin ƙyallen ɗinki, ta warware. Hannun jog ɗin ne, da ɗan guntun wuyansa, zanen nan da duk suka sani yana jiki.

"Da dutsen guga na fasa shi," in ji ta. "Ina fasawa ina kuka, ɗinkin mutane duk ya jiƙe. Wannan kaɗai na rage don in riƙa tunawa da Baba. Ni za a ce wa kwalaben lemo?"

Mai Gilashi ya karɓa, ya ɗaga shi saitin ƙofa, ya ƙyasta shi da farce. Ya yi wata ƙara gajeriya, ƙwas.

"Kin ga wannan siririn layin da ya bi ta gefe? Nan ne inda bakin injin ya haɗu. Dubi wurin karayar kuma, kore-kore ne. Gaskiya kika faɗa, Yaya, jog ɗinki kika kawo. Sai dai kwalba ce da ta samu gata."

Yaya ta karɓi hannun jog ɗinta ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta juyo ta kalli Nas, karo na farko a wata bakwai, ido cikin ido.

"Ashe haka ne. Ashe ta sani. Na gasken ta ba 'yar gaban goshinta, ni da na yi ta goyon ku har bayana ya lanƙwashe aka ba ni kwalba. Shi ya sa kika yi murmushi."

"Yaya, ba haka..."

"Dama na faɗa, aka ce sharri ne. Yau ga wuta ta faɗa." Ta rataya jaka. "Ku je ku biyu ku kai mata. Ni na gama."

Ta nufi ƙofa, takalminta na niƙa gilashi. Nas ta dubi bayanta. Ta san tafiyar nan. Irinta Yaya ta yi wa mai gidan hayarta na farko, har ya mutu ba ta sake bi ta layinsa ba. Inna kuwa cewa ta yi ku uku, kuma Inna ta iya ƙirge. Ƙafar da Nas ta ɗora kan ɗaya ta sauko da kanta.

"Yaya, tsaya. Kwanon yana gida."

Yaya ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Yana cikin tukunyar baƙi. Lafiyarsa ƙalau. Na kasa."

"To me kika narkar?" in ji Auta.

Nas ta faɗa, amma ƙasa-ƙasa, sai da aka ce ta maimaita.

"Kofin haƙoran Inna."

Mai Gilashi ya juyo daga bakin tanderu.

"Haƙora?" in ji Mai Gilashi. Wurin da girarsa ya kamata ta kasance ya ɗan motsa.

"Wanne?" in ji Auta. "Mai kaurin nan? Wanda in aka ce a wanke shi kowa sai ta ce cikinta na ciwo?"

"Shi."

"Wanda kyanwa ta taɓa turowa daga taga bai fashe ba, Inna ta ce ko a kyauta ba mai ɗauka?"

"Shi fa."

Kafaɗun Yaya suka fara rawa. Nas ta ɗauka kuka ne, ta taso za ta riƙe ta, sai wata irin dariya ta ƙwace wa Yaya, irin mai fita ta hanci. Ta dafa bango, ta dafa ciki, ta fara sulalewa ƙasa.

"Kar ki zauna! Kar ki zauna a nan!" Mai Gilashi ya yi kukan kura ya turo mata benci.

"Ɗora ƙafa!" in ji Yaya, tana nuna Nas, hawaye na zuba. "Har da ɗora ƙafa! Uwa ɗaya gare ta!"

"Ni ma fa mazubina akwai layin nan a gefe," in ji Auta tana share ido. "Na ɗauka ado ne."

Babban yatsan Nas ma ya san irin layin nan a jikin kwanonta, tun daga baki har ƙafa.

Da suka lafa, Nas ta tambaya yaushe za a fito da abin.

"Gobe war haka. In na buɗe yanzu iska ta buge shi, sai dai tsintsiya. Kuma ko goben kada ku sa rai. Kowanne da yadda yake tsukewa in ya huce, wannan ya ja nan, wancan ya ja can. Da kansa zai tsage, kuna zaune za ku ji ƙas. Ga na ƙanwarku kuma a tsaye a gefe, ko hannu ba ya taɓuwa."

"Inna ba za ta kai gobe a haka ba," in ji Nas. Wannan karon ba bango ta gaya wa ba.

Yaya ta share fuska da bakin mayafi. Idonta na tela ya bi kantar nan daga farko har ƙarshe, ya tsaya a kan wani tire fari, mai ɗan faɗi, gefensa a lanƙwashe.

"Malam, sauko min da wancan."

Auta ta goge ƙurar da mayafinta, ta tofa masa ɗan yawu ta sake gogewa. A tasi ita ce ta kawo shawarar a ɗora shi gaban direba inda rana ke bugawa, don ya isa da ɗuminsa. Direban ya so ya yi magana, ya dubi fuskoki uku a madubi, ya fasa. Kafin su kai sun raba aiki: Yaya za ta yi bayani, Auta za ta riƙa cewa ƙwarai, Nas kuwa aka ce ta yi shiru, ta yi na yau.

Sun tarar da Inna a kujerarta, kai ɗaure, ido a lumshe, kofin roba a kife a gabanta. Ƙofar gidan da ta hana kabad shiga ta so ta hana su, don ba wadda ta yarda ta bi bayan wata. Suka shiga a cushe, tire a gaba.

Inna ta buɗe ido ɗaya ta ƙirga su, sannan ta buɗe ɗayan.

"Ga shi, Inna," in ji Yaya, ta durƙusa ta ɗora mata a cinya. "Yanzu aka sauke. Ji ɗuminsa."

"Ƙwarai," in ji Auta.

Inna ta shafa shi. "Ina jog ɗin?"

"Ga shi nan ta wannan gefen. Kin ga lanƙwasar wuyansa."

"Kwanon fa?"

"Shi ne tsakiyar."

"Wanne ya fara narkewa?"

"Tare suka tafi, Inna. Lokaci ɗaya."

"Ƙwarai. Kamar an ƙirga musu uku."

Inna ta gyaɗa kai. Ta ɗaga tiren, ta juya bayansa, ta kawo shi kusa da hanci saboda ba tabarau. Daga inda Nas take tsaye ta hango abin da Inna ke kallo. 'Yar farar takarda ce manne a ƙasan tiren, da farashi a rubuce da biro, gefenta har ya yi ja don daɗewa.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Wutar da ta narkar da gilashi, ta bar takarda."

Nas ta jira yatsa ya nuno wata, don a gidan nan haka aka saba. Ba yatsan da ya ɗaga.

"Ai kowane abu da wutar da yake ji, Inna," in ji Yaya, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Mu a ɗari takwas muka tsaya."

"Ƙwarai," in ji Auta. "Takarda sai dubu."

Suka juyo su biyu suka kalli Nas. An ce ta yi shiru, amma ita ce mai farin kaya.

"Dubu da ɗari biyu," in ji Nas, "in mai gam ce."

Inna ta daɗe tana kallon su, daga wannan zuwa waccan, sun jeru kafaɗa da kafaɗa, zufa ɗaya na keto musu. Ta sa farce ta ɓanɓare takardar, ta murza ta tsakanin yatsu har ta zama ɗan ƙwallo, ta jefa a bayan kujera. Ta ajiye tiren a kan tebur, ta gyara masa zama. Sannan ta miƙa hannu ta ɗage kofin roba.

"Tunda na yi kwana huɗu, huɗu zan haɗa?"

"Ɗaya!" Har maƙwabciya sai da ta ji.

"To ku daina yi min ihu a ka," in ji Inna. "Wata ta ba ni ruwa."